Lita Sha Bakwai

Motar nan ta girme wa ɗana na fari.
Ran da na saye ta a Jega mai ita ya ce,
"Ba ta da ciwo, sai dai ci."
Na yi dariya, don lokacin gas araha ne.
Yanzu in na tsaya gidan mai
lambobi na gudu, ni gwiwata na sanyi.

Sai na karɓi tsohon littafin lissafin 'yata
na fara rubutu a bayan shafi:
Aliero zuwa Yauri, albasa buhu kaza,
na zuba kaza, na dawo da kaza.
Sawu huɗu, amsa ɗaya.
Lita sha bakwai ba ta ga hanya,
ba ta ga tanki.

Na dubi Nomau, yaron motata,
da sabon takalmin roba a ƙafarsa.
Ban ce masa komai ba,
amma na sa wa tanki kwado,
na rataya ɗan makullin a wuya kamar laya.
Ya gani. Ya ci gaba da wanke gilashi.

Sawu na biyar, kwado a kulle,
sha bakwai ɗin nan ta sake tafiya.

Na kai ta wurin Jabbi, bayan tasha,
wanda ke sauraren inji da kan sifana a kunne.
Ya zaro filtar iska ya buga da ƙasa,
ɓawon albasa ya tashi, har muka yi atishawa.
"Shekara nawa tana numfashi ta cikin wannan?
Kai ma a toshe maka hanci, a ɗora maka buhu, mu gani."
Ya shiga ƙarƙashi da tsumma,
ya fito da shi jiƙe:
bututun mai ya tsage, siririn tsagu kamar gashi,
yana ɗiga tun Koko har Yauri,
ina shayar da kwalta ban sani ba.
Nozul biyu sun daina feshi, fitsari suke.
Baƙin mai ya yi kauri kamar kunun da ya kwana.
Taya uku na baya iskarsu ta gaza.

Na ce, to, an kama ɓarayi.
Ya goge hannu, ya ce, "Saura babbansu."
Ya nuna ƙafata ta dama.
"Kana taka totur kamar kana bin ta bashi.
Ka tsaya shan shayi ka bar ta tana ruri.
Hawa kaɗan, ka shaƙe ta a babbar giya
har hayaƙi ya rufe na bayanka."
Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Yanzu kafin assalatu ina zagaya ta da geji,
taya bayan taya.
Ina tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin filta,
ina duba lagireto, ina ba ta giris duk Juma'a.
A hanya ba na tsere da kowa.
Matasa su wuce da sababbin tireloli, su yi mini hon,
in ɗaga musu hannu.
Mukan haɗu dai a layin gidan mai,
su sun fi ni daɗewa.

Littafi ya ce sha huɗu sun dawo gida.
Ukun da suka rage na bar wa tsufa,
ni ma ba kamar da nake hawa tudu ba.

Kwadon kuwa na cire shi a gaban Nomau.
Na so in yi magana, bakina ya yi nauyi,
sai na miƙa masa littafin da biro,
na ce daga yau shi zai riƙa rubutawa.
Ya buɗe, ya daɗe yana kallon shafin,
ya ce, "Baba, nan ka yi kuskuren tarawa."